Dutsen da Na Ƙi Ɗora wa Akaza

Ba zan ba da labarin yadda na bar Falgore ba. Kowa ya san yadda ake barin gida. Daga inda aka fara cutata zan fara.

A bakin iyaka ne, can gaba da Agadas. Mu goma sha ɗaya. Wanda ya karɓe mu Bahaushe ne, har da tabon salla a goshi. Ya ce mota ba ta wucewa da mutum a wurin, kaya kawai take wucewa da shi. Ya ce mu zuba jakunkunanmu a bayan motarsa, mu zagaya ta bayan duwatsu da ƙafa, kwana biyu, za mu tarar da shi a wata rijiya da kayanmu. Muka zuba. Kwana biyar muka yi a ƙafa. Rijiyar mun tarar da ita. Shi ba mu tarar da shi ba.

A jakata akwai riguna biyu, da bargo, da wuƙar Baba, da ƙuli-ƙuli da daddawa da Inna ta ƙulle mini a tsumma. Rigunan ban damu da su ba. Ƙullin nan kuwa ban taɓa kwance shi ba, ina ajiyarsa sai ranar da kewa ta yi mini yawa. Wani ne ya kwance.

A bakin rijiyar nan na san Isiyaku, mutumin Kafin Dafga ta ƙasar Karaye. Kowa ya yi tagumi, shi yana dariya. Ya tambaye ni daga ina, na ce Falgore ta Rogo.

Ya ce, "Ɗan Rogo! Shi ya sa. Tun da na ga ka ba ɓarawo jakarka har kana yi masa godiya na ce wannan ba ɗan Karaye ba ne."

Na ce, "Taka fa?"

Ya ce, "Tawa ai babu komai a ciki. Shi na cuta."

Tun daga ranar muke tare. Shi mai baki, ni marar baki. Mun yi dako, mun yi leburan gini, mun kwana a gida marar rufi. Shekara ɗaya da wani abu muka isa Maroko. Teku muka je nema. Na ga tekun, na ga kwale-kwalen, na ga mutanen da aka fito da su daga ruwa. Na ce wa Isiyaku ni ban shiga. Ya ce shi ma dama iyo bai iya ba, dam ɗin Karaye daga baki yake kallonsa. Muka juya muka nufi cikin duwatsu, domin an ce can ba a cika kame ba.

A wata kasuwar ƙauye na ga wani tsoho yana fama da alfadara. Kayan sun rinjaya gefe guda, majayi ya zame, dabbar tana ta juyi. Ban tambaye shi ba. Na sauke, na gyara akumari, na sake laftawa, na ɗaure. Aikin da na tashi da shi ne. Tun ina ƙarami nake kai gyaɗar Baba kasuwar Rogo a kan jakai. Tsohon ya tsaya yana kallon hannuna. Sai ya kama ni ya kai ni wurin mai shayi, ya sayi burodi biyu da ya ga mu biyu ne.

Sunansa Lahsan. Baba Lahsan nake ce masa. Alfadarai uku gare shi, gwiwarsa ɗaya ta lalace. Ya ba mu ɗaki a saman garken dabbobi, ɗuminsu na hawowa ta ƙasa. Da ɗan Larabcin da muka tsinta a hanya muke fahimtar juna. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mana. Ya nuna ƙasan kwari, inda hanya ta zama kwalta, ya ce, "Can akwai gada, a gadar akwai jandarmomi. Ba ku da takarda. A nan sama ku 'ya'yana ne. Idan kun sauka can, ba ni da abin da zan yi muku."

Shekara biyu ban taka kwalta ba.

Aikin kuwa abin mamaki ne. Turawa ne ke zuwa su yi tafiyar ƙafa a duwatsun, kwana shida, wani lokaci bakwai. Ba gudu suke yi ba, ba nema suka fito ba. So suke su yi tafiyar. Da farko na ɗauka laifi suka yi a ƙasarsu aka yanke musu wannan. Su sukan bi ta sama, hannu sake, sai gorar ruwa da sanda. Mu mukan ɗauki manyan jakunkunansu a kan alfadarai mu bi ta hanyar ƙasa, mu riga su isa zango, mu kafa tantuna, kowa ya tarar da jakarsa a bakin tantinsa. Isiyaku ya samu shiga wurin girki. Ni aka ba ni farar alfadara. Na sa mata Akaza, sunan farar jakar da Baba ke hawa.

Tafiyar da zan ba da labarinta ta zo bayan ƙanƙara ta narke. Turawa takwas. Jagoransu Rashid ne, ɗan garin, mai jin yarensu. Ana gobe za a tashi, bayan la'asar, ya shimfiɗa taswira a tsakar gidan Baba Lahsan, ya danne kusurwoyin da kofunan shayi. Ya bi layi da yatsa. Rana ta farko gajeriya, don ƙafa ta saba. Ta biyu akwai rafi, a cika gora. Ta uku hawa ne zalla. Ta huɗu a tsallake mashigar dutse mafi tsawo a sauka wani kwari inda waya ba ta kamawa. Ya faɗi inda za a ci abincin rana, inda alfadarai za su sadu da masu tafiya, inda ake iya saukar da wanda ya gaza. Turawan suna ta rubutawa. Wata tana tambayar ko akwai ruwan zafi.

Isiyaku ya raɗa mini, "Ka ji fa. Da mun samu irin wannan shirin a sahara, da har ƙiba mun yi."

Aka kawo sikeli aka rataye kowace jaka. Kowace da takarda a hannunta ɗauke da sunan mai ita. Ni ban iya karatun boko ba. Da launi nake gane su, kuma nakan ɗaura wa kowace zare, wannan ƙulli ɗaya, waccan biyu, kamar yadda muke yi wa buhuna a kasuwa.

Sai dai jakunkuna ba sa zuwa daidai. Wata ta fi wata nauyi. Mutanen can idan kaya ya rinjaya, dutse suke ɗauka a bakin hanya su jefa a gefen da bai da nauyi. Kowa haka yake yi, har Baba Lahsan. Ni ban iya ba. Baba ya taɓa marina a kan wannan, ina ɗan shekara goma. Ya ce dabba ba ta ci maka komai ba da za ka ɗora mata dutse ta hau tudu da shi. Ya ce ka kwance buhu mai nauyi ka ɗiba ka zuba a marar nauyi, ranar lahira ita ma tana da baki. Haka na tashi. Don haka idan Turawa sun yi gaba, nakan zuge jaka mai nauyi in ciro abu ɗaya in sa a marar nauyi. Idan mun isa zango, kafin su iso, in mayar da shi inda yake. Ban taɓa ɗaukar ko allura ba. Bayan Akaza kuwa sumul, babu miki ko ɗaya, alhali sauran duk suna da tabo.

Isiyaku kaɗai ya sani. Ya sha faɗa mini.

"Haladu, jakar Bature ba buhun gyaɗa ba ce. Ka jefa dutse ka huta."

"Kai ka ɗauki dutsen."

"Wata rana za ka ciro abin da ba ya mayuwa."

Cikin takwas ɗin akwai wani tsoho. Dogo, ya ɗan ranƙwafa, shi ne kullum a baya. A rana ta farko da yamma muka sauka kusa da gonakin sha'ir. Na ga ya karyi zangarniya ɗaya, ya murje ta a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya jefa ƙwayar a baki ya tauna yana kallon gonar. Na tsaya cak da igiya a hannu. Haka Baba yake yi wa gero. Ban taɓa zaton Bature ya san wannan ba. Ya ga ina kallonsa, ya miƙo mini hannunsa. Kanta ce, da faso. Na miƙa nawa. Ya gyaɗa kai. Daga ranar muka sa masa Manomi.

Ba mu da yare ɗaya. Da yamma yakan zo inda nake goge Akaza ya zauna a kan dutse. Ya nuna mini hoton shanunsa a waya, baƙi da fari, manya kamar ba shanu ba. A rana ta biyu ya ciro wata 'yar leda mai ƙyalli ya zuba mini a hannu. Gyaɗa ce, soyayya, da gishiri. Rabona da ita na manta. Na sa ɗaya a baki, sai ga gonarmu ta bayan rafi, ga Inna da ƙannena suna tsinka a gindin ɗorawa, ga ƙamshin ƙasa idan an tuge. Na juya masa baya na ci gaba da goge dabba. Ya bar ni. Bai tambaya ba, bai taɓa kafaɗata ba. Da na juyo ya bar mini ledar a kan dutsen.

A rana ta uku, a kan tudu, akwai wani wuri da waya ke kamawa. Isiyaku ya danna mini lambar Yaya Sani, aka kai wa Inna.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau. Haladu ne? Ya baƙunta? Ya sanyi? An ce garinku ruwa daskarewa yake."

"Da sauƙi. Ya jikin? Ya mutan gida?"

"Alhamdu lillahi. Kana cin abinci kuwa? Muryarka ta rame."

"Inna, murya ba ta ramewa."

"Ni na haife ka, ni zan faɗa. Ga Lami nan ta laɓe a bakin ƙofa, wai ita kunya. Ga 'yarka, ungo."

Na bar matata Lami da ciki. Yarinyar Ummi ake ce mata, ban taɓa ganinta ba. Na ji numfashinta a wayar. Na ji ana ce mata, "Ce Baba." Ta ce, "Wane Baba?" Aka yi dariya a can, har da muryar Lami. Sai layin ya yanke. Na miƙa wa Isiyaku wayar, na ja Akaza. Ranar ko shi bai yi mini ba'a ba.

Rana ta huɗu da safe jakar Manomi ta rinjayi ta gefenta, wata shuɗiyar jaka ta wata mace. Na zuge tasa. A sama akwai wani ɗan akwati mai sanyi, nauyinsa kamar mudu ɗaya na dawa. Daidai abin da nake buƙata. Na sa shi a shuɗiyar na zuge. Kaya ya zauna ɗas.

Da rana muka sadu da su a wurin cin abinci, a ƙasan mashiga. Na sauke wa Akaza kaya, na ja ta zuwa rafi, da ɗan nisa. Na shayar da ita, na yi alwala, na yi azahar. Da na dawo na tarar wurin a hargitse. Matar nan mai shuɗiyar jaka ta zame a kan tsakuwa, ƙafa ta kumbura. An riga an ɗora ta a alfadarin Hammu, ɗan 'yar'uwar Baba Lahsan, sun yi ƙasa zuwa garin kwalta. Rashid yana ta daka tsawa a yi sauri kada hadari ya same mu a mashiga. Aka ba ni buhun girki in cike gurbin jakarta. Na lafta, na ɗaure, muka hau. Wallahi ban tuna ba. Hankalina yana kan hanyar, domin wurin siriri ne, ƙafa ɗaya ta kuskure shi ke nan.

Sai da muka isa kwarin da la'asar, na kafa tantuna, na zo mayar da abu wurinsa. Na duba jakunkuna. Bakwai. Babu shuɗiya.

Na je bayan tantin girki na faɗa wa Isiyaku. Ya ajiye wuƙar albasa.

"Wane akwati? Mai sanyi?"

"Shi."

"Inna lillahi. Haladu, maganinsa ne. Ciwon suga gare shi. Ba ka ganin yana caka wa cikinsa allura kafin ya ci abinci?"

Ban taɓa gani ba. Lokacin cin abincinsu ina wurin dabbobi.

Ya kama hannuna ya rage murya. "Saurara. Rufe bakinka. Wa ya gan ka? Su yi ta nema. Su ce shi ya manta a masauki. Idan ka faɗa, sunanka ɓarawo, nawa abokin ɓarawo. Ka san inda za a kai mu."

"Idan ban faɗa ba, a ina za su nema?"

Sai ya ce, "Allah ya isa tsakanina da mutanen Rogo."

Na tafi wurin Rashid. Turawan sun iso ke nan, Manomi yana durƙushe a gaban jakarsa, ya zazzage komai a ƙasa. Na faɗi abin da na yi, ban ƙara ba, ban rage ba. Rashid ya kama wuyan rigata.

"Ka buɗe jakar baƙo? Kai mahaukaci ne? Tun yaushe?"

"Tun da na fara."

Ya sake ni ya riƙe kansa. Ya juya ya yi wa Turawan bayani. Wani saurayi a cikinsu ya fara ihu yana nuna ni, kowa ya koma yana bincika jakarsa. Manomi bai yi ihu ba. Ya ciro ragowar maganin da ke aljihunsa ya duba. Rashid ya ce zai kai shi gobe da yamma, daga nan babu. Sai tsohon ya yi tambaya, Rashid ya juya mini ita: don me?

Na ce don kada in ɗora mata dutse.

Ya miƙe ya je wurin Akaza. Ya ɗaga bargon bayanta, ya bi bayan da tafin hannu tun daga wuya har gindin wutsiya. Ya je ya duba na sauran. Ya dawo ya yi magana kaɗan. Rashid bai so ya fassara ba, sai da tsohon ya matsa masa.

"Ya ce shi ma haka zai yi. Amma shi da ya tambayi mai jaka."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Rashid ya lissafa. Waya ba ta kamawa. Matar za ta kwana a garin, gobe da hantsi mota za ta ɗauke ta zuwa babban birni, da jakarta. Idan ta tafi, maganin ya tafi, kuma asibitin garin ba shi da irinsa. Sai an samu wanda zai riga motar. Shi ba zai bar baƙinsa a kan dutse ba. Baba Lahsan ya ce shi zai je.

Na ce, "Baba, da wannan gwiwar sai azahar."

Ya ce, "Gobe kasuwa. Gadar a cike take da jandarmomi."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Zauna."

"Hannuna ne ya sa shi a ciki."

Sai ya tuɓe doguwar rigarsa ta ulu, mai hula a haɗe, ya jefo mini. Ya ce in rufe kai, in shiga tsakiyar 'yan kasuwa, kada in ɗaga ido. Rashid ya rubuta takarda ya ce in ba matar.

Da asuba na tashi. Isiyaku ya riga ni, ya ƙulle mini burodi da dafaffen ƙwai. Bai kalle ni ba.

Ya ce, "Ka dawo da wuri. Ni ba zan wanke tukwane kuma in goge jakarka ba."

"Alfadara ce."

"Ko raƙumi ce. Ka dawo dai."

Na tsallake mashiga rana na fitowa. Inda hanya ta yi kyau na hau, inda ta yi tsauri na sauka na ja. Akaza ba ta yi mini gardama ba ko sau ɗaya. Ƙwai a kan tafiya na ci shi. Da hantsi na hango gadar, da motar jandarmomi a gindinta. Na ja hula har hanci, na cusa hannuwana cikin hannun riga, na shiga bayan wasu masu tumaki. Ƙarar kofaton Akaza a kan kwalta ta yi mini yawa a kunne. Muka wuce. Ba wanda ya kira ni.

Masaukin yana bayan kasuwa. Tun daga nesa na ga mota a ƙofa, injin a kunne, direba yana rufe bayanta. Ta gilashi na hango shuɗiyar jaka. A nan na yi kuskure na biyu. Maimakon in nemi matar in ba ta takarda, sai na saki linzami na ruga na kama murfin motar. Hular ta zame. Direban ya ga baƙin mutum yana jan jakar baƙuwa. Ya kwarma ihu. Kafin in ciro takardar, mutane sun taru, wani ya murɗe mini hannu, wani ya sa mini ƙafa. Ina ƙasa ina ɗaga takarda sama.

Matar ce ta karɓa. Ta fito da sanda tana ɗingishi, ta gane ni, ta karanta. Ta zuge jakarta da kanta, ta ciro akwatin. Ta dafe baki. Ta yi ta yi wa mutane bayani da yarenta da hannuwanta, suka sake ni. Amma ihun ya riga ya isa gada.

Su biyu suka zo. Babban yana da furfura a gashin baki. Ya karanta takardar Rashid, ya saurari matar, ya buɗe akwatin ya rufe. Ya ce maganar sata ta mutu. Sai ya miƙo mini hannu.

"Takardunka."

"Babu."

"Tun yaushe kake sama?"

"Shekara biyu."

"Ka san muna nan ka sauko?"

"Na sani."

Ya kalli na kusa da shi, ya kalli taron mutane. Kowa ya ji. Babu yadda zai yi kamar bai ji ba, ni ma ban roƙe shi ba. Abu ɗaya na ce. Na ce akwatin nan sai ya isa kwarin kafin magariba.

Ya tura aka nemo Hammu a kasuwa. Ya tura aka karɓo ƙanƙara wurin mai sayar da lemo, da hannunsa ya jera ta a cikin akwatin. Hammu ya ce alfadarinsa ya gaji, jiya ya sauko da mutum da kaya. Na ce ya hau Akaza. Na roƙi a bar ni in shayar da ita tukuna. Jandarman ya ce in je. Bai sa mini ankwa ba, ya biyo ni a baya kawai. Na ba ta ruwa, na saya mata sha'ir da abin da ke aljihuna, na duba kofatanta huɗu, na ƙara ɗaure majayi. Na faɗa wa Hammu kada ya doke ta, ba ta so, magana ake yi mata. Na tuɓe rigar Baba Lahsan na naɗe na ba shi ya mayar. Ya ɗaura akwatin a ƙirjinsa, ya hau.

Suka sa ni a bayan mota a bakin gada. Mai furfurar ya kawo mini shayi a ɗan kofi. Daga nan ana ganin hanyar dutse tana lanƙwasa tana hawa. Na ga farin ɗigo a kanta. Na dubi rana, na dubi inda ta kai. Na san takunta. Na ce idan bai tsaya ba za su shiga kwarin rana na kan duwatsu. Ban daina kallo ba sai da ta sha kwana.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa, kuma ba shi da yawa. Ɗaki, mutane da yawa, jira. Wata huɗu. Daga baya aka sa mu a jirgi. Na sauka Kano da rigar da ke jikina da wata leda da aka ba mu. Na shiga motar Rogo. Ummi ta ɓuya a bayan zanin uwarta, sai da aka yi mako kafin ta yarda ta karɓi abu a hannuna.

Wayata a tanti na bar ta, duk lambobin suna ciki. Ban san abin da ya faru a sama ba. Ina gona ina tunaninsa, ina masallaci ina tunaninsa. Sai da na huta na ari babur na tafi Kafin Dafga na tambayi gidan su Isiyaku. Mahaifiyarsa, Iya, ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta sa ni na faɗa mata komai game da ɗanta, har irin takalmin da yake sawa. Ƙanwarsa ta kira shi. Sai a karo na uku ta shiga.

"Wa ke magana?"

"Haladu."

Sai ya fashe da dariya. "Ɗan Rogo! Ashe ba ka mutu ba! Kai, ka bar ni da tukwane da jaka!"

"Tsohon fa?"

"Ko gaisuwa babu? To, ya samu. Rana ba ta faɗi ba Hammu ya iso. Ya ƙarasa tafiyarsa da ƙafarsa, shi ne na ƙarshe kamar kullum. Ya yi ta tambayar ka. Da Rashid ya faɗa masa, ya zauna a ƙasa ya ƙi cin abinci. Ya so ya sauka gadar, aka ce masa an riga an wuce da kai."

"Baba Lahsan fa?"

"Yana nan. Shimfiɗarka ya hana a naɗe. Na ce masa ba ka dawowa, ya ce ya sani, a bar ta dai."

Ya daina dariya. Can ya ce, "Kana ina yanzu?"

"Zauren gidanku."

"A kan tabarmar Iya?"

"I."

Lokacin aka shigo da kwano aka ajiye a gabana. Ya ji ƙarar murfin.

"Me aka kawo maka?"

"Tuwon dawa. Miyar kuka."

"Da man shanu?"

"Da man shanu."

Na ji iskar duwatsu tana bugun wayar. Na daɗe ina jin ta.

Ya ce, "Ka ci nawa."

Na wanke hannu. Na ci nawa, na ci nasa.